Uba Ya Sayar da Ranar Ruwa

Ni dai ban yi wa kowa ƙarya ba. Duk wanda ya ce na yi, ya zo ya nuna mini kalma ɗaya da na ƙara. Abin da kunnena ya ji shi bakina ya faɗa. In mutane sun ɗauki fartanya sun bazama, ƙafarsu ce ta kai su.

A shekarar da aka fito da naira ashirin ta leda abin ya faru. Autana Mudassiru ya dawo daga Kano, ya yi shekara shida can wai yana karatun kwamfuta. Ya dawo ba ƙiba, ba mota, sai wata jaka da yake rungumewa kamar jinjiri.

Na ce, "Auta, me ka samo?"

Ya ce, "Wasa na ƙera, Iya."

Na ce, "Wasa? Kai da gemu da mata da 'ya'ya biyu?"

"Ba irin wanda kika sani ba ne."

"Ai na gani. Wanda na sani ba ya cin shekara shida."

Ya zaunar da ni a tabarma, ya zaro wani ɗan akwati mai gilashi daga jakar ya buɗe. Sai ga gari a ciki, da gonaki, da kanal, da 'yan mutane ƙanana kamar ƙwaro suna kai da kawowa. Ya ce kowane ɗaya da mai shi. Wannan maƙerin wani malamin makaranta ne a Zariya. Waccan mai shanun wata ma'aikaciyar asibiti ce a Kaduna. Kowa yana garinsu zaune gaban tasa kwamfutar, amma a cikin akwatin gari ɗaya suke, suna gaisawa, suna ciniki, suna zage-zage. Na ce to, ashe zaman banza ma ya samu mota.

Abu ɗaya ne ya rufe mini baki, ruwa. Gonarmu a wutsiyar kanal take, can wajen Bunkure, inda ruwa yake isowa a gajiye in ya ga dama. 'Yan wutsiya ake ce mana. Ƙa'ida ita ce kowane layi da ranarsa, amma na sama su sha su ƙoshi, su wanke ƙafa, sannan su tuna da mu. Mahaifin Mudassiru har ya koma ga Allah muryarsa a dishe take saboda ihu a bakin kanal. To yaron nan sai ya zana kanal ɗinmu sak a cikin wasansa, har da tsamiyar da ke kwana da karyayyen kwalbatin nan, ya kuma kafa doka. Ko kai waye, ko a sama kake ko a wutsiya, ranarka ranarka ce, ƙofar ruwa za ta buɗe maka. Sannan duk mako wani dodo yana zuwa ya kwanta a bakin ruwan, ba ya tashi sai mutum ashirin sun haɗa kai, manomi ya kawo guzuri, maƙeri ya kawo mashi, mai shanu ya kawo nono. Ƙarfi kuwa sai ka yi wata da watanni kana wahala kafin ka same shi.

Ban ce masa ya yi kyau ba. Na ƙara masa miya dai a tuwon ranar.

Matsalar ita ce wasan ba ya zama a jaka. Wai waɗanda na gani 'yan gwaji ne, sai an kama masa haya a wata ƙasa, a riƙa biya, sannan jama'a su iya shiga. Nan Uba ya shigo. Uba ɗan wan mijina ne, sunan surukina ya ci shi ya sa ake sakaya shi, kuma iyakar abin da ya gada daga tsohon ke nan. Dillalin tumatir ne. In ya shirya maka kwando, na sama kamar a kai wa amarya, ka zura hannu ƙasa ka fito da ruwa mai wari. Ni na goya shi da uwarsa ta yi jinya, tun yana bayana yake miƙa hannu yana zare ƙosai a farantin mutane.

Shi ya kama shago a bakin titin Kura, ya kafa wani faranti a kan rufi, ya sayo janareto da kwamfuta takwas. Shi ya biya hayar can ƙasar wajen, da sunansa, makullin wasan yana hannunsa. Na ce wa Auta kada ya yarda. Ya ce ai Yaya Uba ɗan'uwa ne. Na ce shi ya sa.

Wata takwas ana lafiya. Mutanen cikin akwati suka kai ɗari huɗu da wani abu. Teloli, direbobin tumatir, malaman makaranta, in an sauko daga aiki sai ka gan su a shagon sun ƙura ido kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Ran nan da hantsi ina tsince shinkafa a tsakar gida sai ga Uba, ya yi sallama a tsaye, gaisuwar ma rabi ya yi.

Ya ce, "Mudassiru, na yi lissafi. Mutum ɗari huɗu suna holewa a bayana, ban da 'yan shago ba mai ba ni ko sisi. Daga yau duk wanda ya turo lambar katin waya, a buɗe masa ƙofar ruwa ko ba ranarsa ba ce. Wanda ya turo babban kati a ba shi mashin da zai kashe dodon nan shi kaɗai."

Auta ya ce, "Yaya, in aka buɗe wa wani, na wani aka rufe. Shukar 'yan wutsiya za ta mutu."

"Wace shuka? Zane ne fa! Zane!"

"Wata shida mutum ya yi yana renon zanen."

"To ya ci shi in ya nuna."

"Abin da ya riƙe mutane a ciki ke nan, Yaya. Sun san ba a yi musu kan-kwando. In mai kuɗi zai sayi abin da wani ya yi wata shida yana nema, wa zai zauna?"

"Mai kuɗin zai zauna. Shi nake so. Janareto fetur yake sha, ba ya shan sannu da ƙoƙari."

Na ce, "Uba, shi ma wasan za ka zuba masa ruɓaɓɓe a ƙasa?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Iya, wannan ba maganar daddawa ba ce." Ya juya wajen Auta. "Ko ka yi da hannunka, ko na kawo wani daga Kano ya yi. Na riga na yi magana da shi. Makulli yana wurina, ka sani."

Auta ya yi da hannunsa. Ya ce gara shi ya yanka da wani ya zo ya yi masa kaca-kaca.

Sati uku kati yana shigowa kamar ƙudaje. Uba ya ɗinka shadda mai maiƙo, ya sayi waya ta biyu yana riƙe su duka a hannu ɗaya don kada a ce ba a gani ba. A cikin akwati kuwa gonakin wutsiya suka bushe. Wani ɗan mai kuɗi a Kano da ya shiga wasan jiya-jiya ya sayi mashi, yana kashe dodo shi kaɗai kafin mutane su gama karin kumallo. Maƙera suka rasa wanda zai nemi mashinsu, manoma suka rasa wanda za su kai wa guzuri. Malamin Zariya ya fita. Matar asibitin Kaduna ta rubuto wa Auta wata magana, ya ƙi karanta mini, amma na ga yadda fuskarsa ta canza.

Matarsa Saliha ce ta same ni a madafi. Ta ce, "Iya, kwana uku ke nan sai dai ya juya cokali ya ajiye. Ya ce ranar Juma'a zai bar wa Yaya Uba wasan gaba ɗaya, ya bi motar tumatir Ikko ya riƙa yi musu lodi."

Shekara shida, a tattara a miƙa wa mai kwando. Na ce ta ba ni mayafina.

Ranar Laraba ce. Na hau ɗan acaɓa har Kura, ya kusa zubar da ni sau biyu, na rage masa kuɗi. Tun daga bakin shagon nake jin ihu. Wani tela ya dafe kai gaban kwamfuta yana cewa, "An sake tare mana ruwa! Yau fa ranarmu ce! Wallahi yau ranar 'yan wutsiya ce!" Na kusa da shi ya ce, "Ai an sayar. Tun safe Uba ya sayar wa ɗan Kanon nan."

Uba yana zaune a bakin ƙofa kan kujerar roba, yana kankare kati da farce.

Na ce, "Uba, da gaske ka sayar da ranar ruwan 'yan wutsiya?"

Ya ce, "Na sayar, Iya."

"Ɗaga murya, kunnen nan ya yi nauyi."

Ya ɗaga kuwa, har mai rake na tsallaken titi ya waiwayo. "Na ce na sayar! Gobe ma zan sayar! Mai kuɗi shi ke shan ruwa, wanda ba shi da shi ya jira damina. Kin ji yanzu?"

Na ce, "Na ji. Allah ya ƙara kasuwa."

Ya yi dariya ya ce a ba ni ruwan leda in sha in koma gida. Na karɓa, ba a mayar da kyauta.

Da zan koma ban bi titi ba, na sauka a kwana na bi ta gonaki, ƙafata tana son motsi. A makon nan kuwa kwana huɗu ke nan ruwa bai iso wutsiya ba. Na gaske nake nufi. Tumatir yana fure, ganye ya naɗe kamar kunnen ɓera. Na tarar da Isiyaku, shugaban manoman layinmu, zaune a bakin busasshen kanal da mutum bakwai ko takwas, kowa ya haɗa rai. Isiyaku mutum ne da in sauro ya cije shi sai ya nemi wanda ya aiko shi.

Ya ce, "Iya Tambaya, daga ina da ranar nan?"

Na ce, "Daga Kura, wajen ɗanku Uba."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Kasuwa ta buɗe masa. Yanzu na baro shi yana faɗa wa duniya ya sayar da ranar ruwan 'yan wutsiya, wani ɗan Kano ya saya. Ya ce gobe ma zai sayar. Ya ce wanda ba shi da kuɗi ya jira damina."

Isiyaku ya miƙe a hankali. "Da bakinsa?"

"Sau biyu. Ka tambayi mai raken tsallaken titi."

Bai tambaye ni wane ruwa ba. Da ya tambaya da na faɗa masa.

Kafin a kira azahar sun kai mutum arba'in. Wasu a keke, wasu uku-uku a babur, wasu a bayan wata akori-kura, kowa da fartanya ko sanda. Ni ma aka ɗora ni gaban motar, wai ni ce shaida. Ban so ba, amma ba a musu da maza in sun fusata.

Da Uba ya hango ƙura ya ɗauka motar tumatir ce, har ya gyara hula. Da ya ga fartanyu sai ya shige ciki ya tsaya bayan Auta, da ya zo duba kwamfutoci.

Isiyaku ya ce, "Fito, ɗan dillali. Nawa ka sayar da mu?"

"Baba Isiyaku, me na yi?"

"Ka ce ka sayar da ranar ruwanmu ko ba ka ce ba?"

Mai rake, da ba wanda ya kira shi, ya ce daga baya, "Ya ce! Har da a jira damina!"

Uba ya fara rantse-rantse. "Wallahi tallahi na cikin kwamfuta ne! Ba naku ba! Na kwamfuta!"

"Au, har a kwamfuta kuka saka mu?"

Isiyaku ya ture shi ya shiga. Telan nan yana zaune bai ko motsa ba, tsoro ya riƙe shi. Isiyaku ya sunkuya ya ƙura wa gilashin ido. Ya daɗe. Sai ya ɗora yatsa a kai.

"Wannan ba tsamiyar kwana ba ce?"

Ya ja yatsan gaba.

"Ga karyayyen kwalbati. Ga gonar marigayi. Ga tawa! Jama'a ku zo ku ga gonata! Ga ta nan a bushe, ga ƙofa a rufe, ga ruwa can yana malala gonar wani!"

Suka yi ca a kan akwatin, kowa yana neman tasa, kowa kuma ya samu, har waɗanda gonarsu ba a layin take ba. Wani ya ce dama ya san ba banza aka kafa farantin nan a kan rufi ba, da shi ake juya ƙofofin. Wani ya ce a fito da janareton a cinna masa wuta.

Auta, Allah ya shirye shi, gaskiya ta yi masa yawa. Ya ce, "Baba Isiyaku, ku tsaya, wasa ne. Ni na zana shi. Ba ruwansa da kanal ɗin gaske."

Isiyaku ya ce, "Wasa? Da ruwa ake wasa? Kai da ubanka ya mutu yana ihu a kan ruwan nan?"

Auta ya buɗe baki zai ƙara, na taka masa ƙafa. Wurin a matse yake, ban ga inda nake takawa ba.

Ana cikin haka mai unguwa Muhammadu Sani ya iso, wani ya garzaya ya kira shi. Ya sa aka fito waje, ya zauna a kujerar robar Uba. Ya saurari Isiyaku, ya saurari Uba, ya sa Auta ya yi masa bayani tun daga dodo har katin waya. Mai unguwa ya yi boko, ya gane sarai. Na ga gefen bakinsa yana rawa, dariya yake dannewa. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ya ce, "Uba, an ba ka kuɗi ka tsallake layi?"

"Ranka ya daɗe, zane ne."

"Ban tambaye ka ko mene ne ba. Akwai masu rana?"

"Akwai."

"Sun yarda da dokar kafin su shiga?"

"Sun yarda, amma ai ni nake biyan..."

"Ka karɓi kuɗin wani ka ba shi ranarsu?"

Uba ya tura wayoyinsa biyu cikin aljihu.

Mai unguwa ya ce, "To ni a ƙasar nan ban san inda ake sayar da ranar ruwa ba, ko a gona ko a zane." Ya rage murya, amma ina kusa. "Kuma ka dubi mutanen nan. In kana ganin za ka iya fahimtar da su kafin su gama da shagonka, bismilla, ni zan koma gida."

Uba ya dubi fartanyu. Ya ce a buɗe.

Auta ya zauna ya yi 'yan danne-dannensa. Mutum arba'in sun cika ƙofa da taga. Sai ga ƙofar cikin akwati ta ɗaga, ruwa shuɗi ya gangaro, ya wuce tsamiya, ya wuce kwalbati, ya shiga gonakin wutsiya. Aka ɗau kabbara har mai rake. Telan nan har da hawaye, shi da yake ya san ko wane ruwa ne.

Isiyaku ya ce bai yarda ba, gobe in sun juya baya za a sake rufewa. Makullin fa? Mai unguwa ya ce a ba wanda ya ƙera. Nan Uba ya rubuta wasu haruffa a bayan katin da ya kankare, ya jefa wa Auta a ƙirji. Mai unguwa ya sa Auta ya gwada a gaban kowa, ya kuma canza shi.

Uba ya ce, "Ku ci wasanku. Amma shagona, da janaretona, da farantina, ba wanda zai ƙara taɓawa. Hayar ma ku biya da tsamiya."

Ya cika alkawari, wannan karon dai. Kafin sati ya sayar da kwamfutocin, ya cika shagon da buhunan taki, kuma na ji an ce takin ma sai ka zura hannu ƙasa.

Ruwan gaske ya iso wutsiya washegari da la'asar. Ashe wasu masu shinkafa ne can sama suka toshe kanal da buhunan yashi, da suka ji mutum arba'in sun fita da fartanya neman wanda ya tare ruwa, suka kwashe abinsu ba shiri. Isiyaku har yau ya ce kwamfuta ce. Duk sanda ruwa ya yi jinkiri sai ya aiko a ce wa Mudassiru ya duba akwati.

Auta bai tafi Ikko ba. Ya cire sayar da ruwa, ya karɓe mashin ɗan Kano, yaron kuwa ya zage shi tas ya fita. Cikin ɗari huɗun nan, da ƙyar casa'in suka dawo. Malamin Zariya ya dawo, matar asibiti ba ta dawo ba. Su casa'in ɗin suka yarda kowa ya riƙa ba da ɗan abin da zai riƙe hayar, daidai wa daida, ba mai sayen komai da shi. Ba ya isa a sayi shadda. Sau biyu a mako Auta yake rungumar jakarsa ya hau mota zuwa Kano, shagon wani abokinsa, ya duba garinsa. Sauran kwanakin yana gona. Yana cin tuwo har da neman ƙari, Saliha ta fara ƙorafin hatsi.

Uba ya yi wata biyar ba ya gaishe ni. Muka haɗu a wani suna a Bunkure, ina zaune a zaure ana raba goro, ya rasa hanyar wucewa. Ya durƙusa kamar mai ciwon gwiwa.

Ya ce, "Iya, tsakaninki da Allah, kin san ruwan da nake nufi ran nan."

Na ce, "Ni ban yi boko ba, ɗan nan. Ruwa ɗaya na sani."

"Kin kusa sa a ƙone ni."

"Ai ba a ƙone ka ba. Miƙo mini goron can, fari, ba na cin ja."

Ya miƙo. Na juya shi na duba ƙasansa kafin na sa a baki.